Wasiƙa daga Hamburg: gyaran kicin a tsohon gidan haya

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

A nan Jamus sau da yawa akan ba mutum gidan haya kicin ɗinsa fayau, sai bakin famfo da waya a bango. Kabad, murhu, wurin wanke-wanke, duk mai haya ne zai sa. Masu shirin zuwa su sani: kafin a taɓa komai sai an karɓi izinin mai gida a rubuce.

Ana farawa da abin da ke cikin bango. Ginin da ya girmi 1973 yana iya zama da bututun dalma, wanda ke cutar da yara da masu ciki, kuma canza shi nauyin mai gida ne. Tsohuwar waya sau da yawa ba ta da layin ƙasa, wato layin da ke kare mutum daga jan lantarki, ga shi murhun lantarki na nan yana son layinsa daban mai bolt 400. Wannan aikin mai gyaran wuta ne mai lasisi.

Daɓe ne ya fi ba mu tsoro. Sai a 1993 aka haramta asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini, a ƙasar nan, kuma tsofaffin tayil na roba da baƙin gam ɗin ƙarƙashinsu suna iya ɗauke da shi. Kada a kankare, kada a fasa. A fara kai samfur gwaji, domin ƙurar ce ke shiga huhu.

Bangon tsohon gini ba ya miƙewa, don haka a auna shi sama, tsakiya da ƙasa kafin kafinta ya yanka katako. Teburin aiki ya kai santimita 90 a tsayi, 60 a zurfi, a bar 120 na wucewa don mutum biyu su gifta. A teburin cin abinci kowa na buƙatar 60. In wuri ya matse, benci a jikin bango ya fi kujeru ɗaukar baƙi.

Mai suya da manja ko miya da daddawa kada ya yi rowa wajen injin zuƙe hayaƙi. Da wuya mai gida ya yarda a huda bango, sai irin mai matatar gawayi, a riƙa sauya ta kamar bayan wata shida.

Fitila kuwa, a zaɓi mai ruwan ɗorawa, kelbin 2700 zuwa 3000 a ma'aunin launin haske, ɗaya ƙarƙashin kabad, ɗaya rataye saman tebur. Farin haske tas yana mayar da kicin tamkar asibiti, a lokacin sanyi kuma rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu.

A gaida mutanen gida.