Na Ajiye Alli, Na Kama Hidimar Gawa a Gombe

Ina koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a Gombe har furfura ta fara fito mini, sannan na ajiye aikin. Na sayar da ɗan filina, na sayi tsohuwar bas, aka cire kujerun baya aka gyara wurin ɗora makara. Da na gaya wa mai ɗakina, sai ta ce, "Maigida, mutum da iliminsa ya koma ɗaukar gawa? Me za mu ce wa dangi?" Na ce mu gaya musu gaskiya.

Abin da ya ja ni shi ne abin da na sha gani a unguwarmu. A wurinmu Musulmi ba a jinkirta gawa. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an rufe shi. Cikin waɗannan 'yan awoyi ɗan mamaci, wanda ko hawaye bai gama sharewa ba, shi ne zai nemi mota daga asibiti, ya aika kasuwa a yanko alawayyo, ya nemo mai wanka, ya sanar da liman, ya tura a fara haƙa. Aikina yanzu in sauke masa wannan kayan. Waya ɗaya zai yi mini, sauran ya zauna ya karɓi gaisuwa.

Kafin in taɓa gawar kowa sai da na koma gaban malami, muka bi babin jana'iza. Wanka witiri ne, uku ko biyar ko bakwai, da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe. A mazhabar Malikiyya an fi son tufa biyar ga namiji, bakwai ga mace. Salla kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada. Amma yadda ake juya gawa a hankali, da yadda ake rufe al'aura tun farko har ƙarshe, a hannun wani dattijo na koya. Ya ce mini, "Malam, abin da idonka ya gani a ɗakin wanka, a nan za ka bar shi." Ko mai ɗakina ba ta taɓa jin labarin jikin wani daga bakina ba.

Maganar kuɗi ce ta fi wuya. Mutane da yawa suna ganin hidimar gawa aikin lada ne kawai, karɓar kuɗi a kai abin kunya ne. Ni na raba abin biyu: wanka da suturta mamaci ba na karɓar ko kwabo, man mota da yadi kuwa sai an biya, domin ba kyauta nake samunsu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kai gawa Kumo ko Dukku ko Bajoga ya zama nauyi ga talaka. Wanda ba shi da hali, akwai 'yan kasuwar da suka ce in riƙa sanar da su a asirce, kuma suna cikawa.

Waɗanda abin ya fi ba ni tausayi su ne masu haƙan kabari. Yawancinsu dattawa ne, babu albashi, sai abin da aka miƙa musu na sadaka, wani lokaci ma a watse ba wanda ya waiwaye su. Ga ƙasar Gombe rairayi ce, da damina kabari yakan rufta, ruwa ya ci gefen maƙabarta, su ne za su bi suna gyarawa. Shi ya sa nake faɗa wa iyalai hakkinsu tun farko, in damƙa musu hannu da hannu.

Na kuma koyi cewa ba kowace gawa ake taɓawa da hannu tsirara ba. Zazzaɓin Lassa yana yawo a yankinmu, musamman maƙwabciyarmu Bauchi, kuma ana ɗaukarsa daga jini da ruwan jikin mamaci. Idan likitoci suka ce shi ne, ma'aikatan lafiya ke jagorantar binnewa, ni nawa lallashin dangi. Safar hannu da takunkumi da ruwan bilic ba sa rabuwa da motata.

'Yan'uwanmu Kirista ma suna kirana. Su gawa takan kwana biyu a ɗakin ajiye gawa har dangi su hallara, sannan in ɗauki akwatin zuwa Billiri ko Kaltungo. Nakan tsaya gefe har a gama addu'a.

Abin da ke damuna yanzu ƙarancin mata masu wanka. Tsofaffin da suka iya suna ƙarewa, 'yan mata kuma tsoro suke ji. Na yi magana da wata Islamiyyar matan aure a unguwarmu, sun yarda su sa darasin a ranar Asabar, ana gwadawa da 'yar tsana. Mai ɗakina ce ta fara ba da sunanta.