Abin da gindin bedi ya koya min

Shekarata huɗu kenan ina koyar da 'yan nazare a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi, kuma gaskiya abin da na fi ƙaruwa da shi a bayan ofis na same shi, gindin wani bedi, wato darbejiya.

Lokacin da na fara aiki Hajiya mai makarantar ta zuba kuɗi wajen gyaran haraba, an shimfiɗa intalok tun daga get har bakin azuzuwa, an kawo lilon ƙarfe da abin sulu mai fenti ja da ruwan ɗorawa, duk wanda ya zo yi wa ɗansa rijista nan ake fara kai shi. To amma wanda ya san Kebbi ya san daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, kafin a fita tara ƙarfen nan ya ɗau zafin da ko babba ba zai riƙe ba, intalok ɗin kuma sai huci yake. Wata yarinyar ajina ta hau sulun ta sauko da kuka, bayan cinyarta ya yi jajir. Daga ranar aka ce kowa ya riƙe yaransa a aji. Yara kusan 30 a ɗaki mai kwano, ba wuta fanka a tsaye, wallahi ranakun nan ba koyarwa nake ba rabon faɗa kawai nake yi.

Lungu ɗaya ne kuɗin intalok bai kai ba, yashi ne da inuwar bedin, nan Baba maigadi yake shimfiɗa tabarmarsa. Na ce Baba don Allah a ara mana wurin nan, ya ce bismillah 'yata.

Akwai wani yaro da in aka ba shi fensir sai ya fashe da kuka, hannunsa bai yi ƙwari ba ga tsoron jan biro. A yashin nan da ɗan yatsa ya fara rubuta A, in ta karkace ya shafe da tafin hannu ya sake, ba wanda ya ga kuskurensa balle a yi masa dariya. Lissafi kuwa da 'ya'yan bedi da murafen lemo muke yi. Da damina ta sauka kowa ya kawo ledar fiya wata, muka huda ƙasanta muka zuba ƙasa muka shuka wake, guda ɗaya na ɓoye a cikin kabad. Bayan kwanaki na fito da shi ya yi tsawo siriri ya ɗashe, sai wata ta ce Anti wannan ba shi da lafiya rana yake so. Ni ban ce musu komai ba fa. Mun kuma kafa sanda muna zana inda inuwarta ta tsaya da safe da kuma kafin a tashi, Baba maigadi ya ce ai haka suke gane azahar a ƙauyensu, ranar shi ya ba da darasin ni ina tsaye ina ji.

Na yi sakaci a farko, ban riƙa duba wurin ba sai da muka ɗaga wani bulo muka ga kunama. Allah ya tsare. Yanzu kullum sai na share na tone yashin kafin yara su zo, ga buta da sabulu a gefe.

Iyaye kam sun yi ƙorafi, wata ta ce Malama ba wasan ƙasa muka biya kuɗi a yi ba, ga yunifom kullum sai wanki. Ban ga laifinta ba, sabulu ya yi tsada. Wasu kuma tsoro ne, tun sace ɗaliban Birnin Yauri da aka yi a 2021 hankalin uwa bai kwanciya in ta ji ɗanta yana waje ko da cikin katanga ne. Sai na ce su zo su gani da idonsu, wasu sun zo.

Yanzu Hajiya tana maganar sare bedin a gina sabon aji a wurin. Na je na same ta na ce Hajiya don girman Allah a duba wani gefen, ta ce za ta yi tunani. Kafin nan dai mun dasa mangwaro biyu a jikin katanga, yara ne ke ba su ruwa kowa da ranarsa.