Godiya Bayan Baje Kolin Hotunan 'Yan Matanmu

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Jiya da yamma muka sauke hoto na ƙarshe daga bango, har yanzu farin ciki bai sake ni ba.

Godiyata ta farko ga iyayenmu mata da suka amince suka ba ni 'ya'yansu na koya musu riƙe kyamara. Na san surutun da kuka sha a unguwa, cewa wannan sana'ar maza ce. Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Baba da ya ba mu aron zaure, da ƙanina da ya ruga ya ɗauko janareto lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar jawabi, Allah ya biya ku.

Wasu sun tambaye ni dalilin da na dage sai kowace yarinya ta rubuta sunanta da hannunta a ƙarƙashin hotonta. Tarihin sana'ar ne ya sa. Homai Vyarawalla, mace ta farko mai ɗaukar hoton jarida a Indiya, da sunan mijinta aka fara buga hotunanta. Gerda Taro ta rasu a yaƙin basasar Sifaniya a 1937, tana da shekara 26, kuma an daɗe ana jingina wasu hotunanta ga abokin aikinta Robert Capa. Sai da masu fafutukar haƙƙin mata da masu bincike suka koma tonon tsofaffin ma'ajiyoyi kafin irin waɗannan sunaye su dawo fili. Da na ba yaran labarin Felicia Abban ta Ghana, wadda ta koyi aikin a hannun mahaifinta, ta buɗe sutudiyonta a Accra, har ta riƙa ɗaukar Kwame Nkrumah, sai na ga sun gyara zama. Ga kuma tamu ta gida, Fati Abubakar, da ta nuna wa duniya Maiduguri ana ciniki ana biki, a lokacin da ba a ganin komai sai hoton ɓarna.

Hoton da ya fi tsaya mini a rai shi ne na hannun wata tsohuwa tana zana wa amarya lalle, hasken taga ya sauka a kan zobenta na azurfa. A ƙuryar ɗaki aka ɗauke shi, inda namiji ba ya shiga. Tsohuwar ta zo da kanta, ta daɗe tsaye tana kallon hannunta, sannan ta ce a karanta mata sunan da ke ƙasa. Na jikarta ne.

Hajiya, mun gode da kika taka. An sa wa hoton firam, gobe in sha Allahu za a kawo miki har gida.