Minti ɗaya da kowane yaro

Shekara tara na yi ina koyar da 'yan aji biyu kafin a saka sunana cikin malaman da za su zagaya makarantun firamare na jihar Bauchi don auna karatun yara. Da aka ce mini gwaji ne, sai na ɗauka irin jarrabawar da muka saba ce: a rubuta tambayoyi a allo, yara su kwafa, a tattara takardu a yi maki. Ashe wannan daban yake. Sunansa EGRA, wato gwajin karatu na 'yan azuzuwan farko, kuma baki da baki ake yin sa, yaro ɗaya da mai gwaji ɗaya, kamar minti 15 kowane yaro.

Cibiyar bincike ta RTI da ke Amurka ce ta tsara shi a 2006 da tallafin USAID, hukumar raya ƙasashe ta Amurka, da Bankin Duniya, daga baya aka daidaita shi da harsuna masu yawa. A Bauchi da Sakkwato an yi shi da Hausa a 2011 da kuma 2013, sakamakon ya nuna mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba daga ɗan gajeren labarin da aka miƙa musu. Na ji wannan magana tun a lokacin. Na ce a raina ai makarantun can cikin ƙauye ne, inda malami yake zuwa yau ya ƙi zuwa gobe. Ni ajina idan muna karatu har bakin titi ana jin muryoyin yara.

Zagayen da na shiga ya zo bayan waɗancan. Kusan mako guda muka yi ana horar da mu. Takardar farko haruffa 100 ne, layi goma, kowane layi haruffa goma, manya da ƙanana a gauraye. Za ka ba yaro daƙiƙa 60 ya faɗi sautin kowane harafi, kai kuma kana dannawa a 'yar kwamfutar hannu duk inda ya kuskure. Idan ya yi shiru daƙiƙa uku, ka nuna masa na gaba ka ce ya ci gaba. Idan bai samu ko ɗaya ba a layin farko, ka yi masa godiya ka rufe wannan sashen. Bayan haruffa sai gaɓoɓi, sai kalmomin da aka ƙirƙira waɗanda ba su da ma'ana, kamar a ce "lomu" ko "gisu", sai gajeren labari da tambayoyi a kansa, sai labarin da kai za ka karanta masa ya saurara ya amsa, sannan shifta.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kame bakina. Malami ya saba da "yauwa" da "a'a, sake dubawa". A nan an hana. Ba gyaɗa kai, ba ɗaure fuska, ba jan harafin farko don yaro ya ƙarasa. Sukan zaunar da mu duka mu saurari mai karatu ɗaya, kowa ya yi makinsa, sannan a kwatanta. Wanda makinsa ya yi nisa da na sauran sai ya sake, domin idan ma'aunin Azare ya bambanta da na Toro, to ba a auna komai ba.

Ba kowane yaro ake gwadawa ba, samfuri ake ɗauka daga makarantun da aka zaɓa a faɗin jihar. A makarantar farko da muka sauka, mun tarar hedimasta ya riga ya ware yara a gefe, sun sha wanki. Ya ce, "Malama, ga masu ƙoƙarin namu na tanadar miki, kada ki sha wahala." Dattijo ne, ya haife ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ƙa'idar ita ce a jera duk 'yan ajin a ƙirga, wanda ƙirga ta faɗa kansa shi ne. Kuma ba a rubuta sunan yaro, ba kai aka zo aunawa ba." Ya yi shiru, sannan ya ce to Allah ya sa haka ne. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san baƙo da takarda a hannu ba kasafai yake zuwa da alheri ba.

Aka ajiye mana benci a ƙarƙashin darbejiya. Yarinya ta uku da na gwada ita ce har yau ban manta ba. Na tambaye ta ko ta yarda mu yi ɗan wasan karatu, ta ce ta yarda. Na ajiye takardar gaɓoɓi, na danna agogo. Ta ɗora yatsa a kan ta farko, ta buɗe murya tar: "ba, be, bi, bo, bu, ca, ce, ci, co, cu." Yatsanta yana tafiya a kan layi daidai, muryarta ba gargada, amma babu ko ɗaya daga abin da take faɗa da yake rubuce a wurin. Tana gamawa ta ɗago ta dube ni da murmushi, tana jiran in ce ta yi ƙoƙari. Ita a saninta karatun ke nan, haka aka nuna mata.

Jikina ya yi sanyi, domin waƙar nan tawa ce. Da sanda nake bin ta a allo kowace safiya, yara sama da 80 suna amsawa. Biyar ko shida na gaba su ne suke kallon allon, sauran bakin na gaba suke bi. Ni kuma ƙarar nake ji in ɗauka darasi ya shiga.

A nan na gane amfanin kalmomin nan marasa ma'ana, waɗanda da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Yaro zai iya haddace kamannin "Baba" ko "gida" kamar yadda yake gane tambarin kwalin shayi. Amma "lomu" bai taɓa ganinta ba, dole sai ya san sautin kowane harafi ya haɗa su da kansa. Na kuma ga illar koya wa yara sunayen haruffa da Turanci tun farko. Yaron da ya san harafin nan "bi" ne, wancan kuma "e", idan ka haɗa masa su ba zai ce "ba" ba. Ga shi ɓ da ɗ da ƙ ba su cikin waƙar ABC ta Turanci, sai ka ga yaro ya zo kansu ya tsaya cak. Alhali tsarin ilimi na ƙasa a lokacin cewa ya yi a koyar da shekaru ukun farko da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin.

Akwai kuma abin da ma'aunin ba ya gani, kuma ba zan ɓoye shi ba. A wata makaranta, da muka zo shifta, wani yaro ya karɓi fensir ya fara daga hannun dama, riƙonsa irin na wanda ya saba da alƙalami da tawada. Bai rubuta harafin boko ko ɗaya daidai ba, dole na ba shi sifiri. Bayan mun gama malaminsu ya ce mini yaron ya yi nisa a makarantar allo, shi yake rubuta allonsa da kansa. Wannan yaro ya riga ya san cewa alama tana ɗauke da sauti, ya san wasali yana sauya baƙi. Rabin aikin an gama masa. Amma a lissafi sifirinsa ɗaya ne da na wanda bai taɓa riƙe abin rubutu ba. Haka 'ya'yan Fulani da na tarar a wani gari, waɗanda Fulatanci suke yi a gida: labarin da na karanta musu ma bai gama shigarsu ba, matsalarsu ta fara ne tun daga harshe. Gwajin an gina shi ne don ya nuna wa masu tsara ilimi hoton jiha baki ɗaya, kuma yana yin wannan aikin. Amma ba zai gaya wa malami wane ne a ajinsa ya tsaya a ina ba.

Shi ya sa da na koma makarantarmu na samo kwali na rubuta haruffa a gauraye, na riƙa kiran 'yan ajina ɗaya-ɗaya lokacin tara. Sati uku na yi kafin in gama. Waɗanda suka karanta jimla guda da kansu ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wata yarinya da nake yabo kullum saboda ƙarfin muryarta, layin farko ma ba ta wuce ba. Daren da na gama ban yi barcin kirki ba, ina tuna yaran shekara tara da suka wuce ta hannuna.

Ban daina karatun baki ɗaya ba, aji mai wannan yawa ba ya yiwuwa sai da shi. Amma na daina bin jeri. Ina nuna "bo" yanzu, in tsallaka "ƙa", in dawo "mi". Sauti nake koyarwa kafin suna. Na yanka kwalaye ƙanana, kowane benci da nasa, su haɗa gaɓa biyu su ga wace kalma za ta fito. Masu zuwa makarantar allo ina ce musu abin da fataha take yi wa baƙi shi "a" yake yi, sai ka ga idonsu ya buɗe. Littattafan Mu Karanta da suka iso makarantun Bauchi da Sakkwato sun taimaka ƙwarai, domin a kan wannan hanyar aka shirya su, kuma yaro yana da abin da zai ɗora yatsa a kai.

Ina da wani littafi mai bangon shuɗi a jakata, sunan kowane yaro da inda ya tsaya. Kullum kafin a tashi ina kiran biyar, minti ɗaya kowa, sauran suna kwafar aiki. A wannan zangon akwai bakwai da har yanzu suke layin farko. Biyu daga ciki damina ce ta ɗauke su zuwa gona, sai bayan girbi suka dawo. Ɗaya kuma na lura sai ya kanne ido yake kallon allo, na dawo da shi bencin gaba, na aika a gaya wa mahaifiyarsa ina son ganinta ranar Litinin.