Kafin a ce a yi mata fomatin

A 2014 na zo Khartoum karatu, kuma da yamma nakan tafi wani shagon gyaran kwamfuta a Suk al-Arabi don in koyi sana'a. Maigidana Bahaushe ne mutumin Mai Wurno, wani gari a Sudan, jikan waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Makonni biyu na farko bai bar ni na kunna komai ba. Sukudireba ya miƙo mini da wata tsohuwar kwamfutar tebur, ya ce in kwance ta in mayar, in riƙa faɗin sunan kowane abu da aikinsa. RAM ita ce tabarmar aiki, da an ɗauke wuta an naɗe ta, ba abin da ke saura. Had-disk shi ne rumbu, faifansa na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti. Ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan madabod, wato babban allon da ake haɗa komai a kansa, mai bolt 3, shi ke riƙe agogo. In ya mutu sai kwanan wata ya koma baya duk lokacin da aka kunna.

A lokacin gani nake ɓata lokaci ne. Ni Windows nake son in iya sakawa, don a nan kuɗi yake. A watan Afrilun shekarar Microsoft ta daina kula da Windows XP, mutane na ta kawo injinansu a sa musu Windows 7.

Wata rana maigida ya tafi sallar la'asar, wani ɗalibi ɗan'uwanmu daga Najeriya ya kawo laftof ɗinsa, ya ce da ta yi minti goma sai ta mutu. Ban buɗe ta ba, ban ko ɗora tafin hannuna a gindinta ba. Na ce bairos ne, fomatin za a yi, wato a goge had-disk a sake saka Windows. Ya amince, don ya ga ina magana da ƙarfin gwiwa. Ban tambaye shi abin da ke ciki ba. Na goge, na fara saka Windows, ana tsakiyar aiki ta sake mutuwa. A nan ne ya ce, cikin sanyin murya, bahasinsa na digiri na biyu yana ciki.

Har yau in na tuna fuskarsa sai gabana ya faɗi.

Maigida ya dawo, ya ji bayani, bai ɗaga murya ba. Ya kwance bayan injin, ya nuna mini bakin fanka: ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga, ta toshe mafitar iska gaba ɗaya. Wanda ya san habub ɗin Khartoum, guguwar da ke mai da rana dare, ya san inda ƙurar ta fito. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, in ya yi zafi fiye da kima, injin kan kashe kansa don kada ya ƙone. Ciwon a gangar jiki yake, ni kuma na je na yi wa manhaja fiɗa. Ya ce, "Ɗana, babbar manhaja irin su Windows dillaliya ce tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. In ƙarfen ba shi da lafiya, ko sau goma ka sauya dillali ciniki ba zai faɗa ba."

Ya cire had-disk ɗin nan take, ya haɗa shi da wata kwamfutar. Fomatin na gaggawa jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, su fayilolin suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Abin takaici, Windows ɗin da na fara sakawa ya riga ya hau kan wasu. Muka kai dare muna tsamo abin da ya tsira. Babi uku suka dawo, na huɗun ya tafi.

Washegari ya ba ni wani filashi mai Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. A wancan lokacin takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan tun 1997 yana nan, shafukan kamfanoni da yawa ba sa bari a sauke manhajarsu daga ƙasar, ita kuwa Ubuntu kyauta ce, kowa na kwafa wa kowa. Amfaninta a wurinmu shi ne ana iya tayar da inji daga filashin ba tare da an taɓa had-disk ba. In ya tashi ya yi awa guda lafiya, to matsalar tana wajen Windows ko abin da aka saka a kanta. In ya mutu a nan ma, sai a ɗauko sukudireba. Kuma kafin komai, a kwashe kayan mai shi zuwa wani wuri, yana tsaye yana gani.

Ɗalibin ya sake rubuta babin daga takardunsa na hannu. Mako uku ina zuwa ɗakinsa bayan isha'i, yana karantowa ina buga masa.