Akwatin mujiya a Sde Eliyahu

Kwas ɗin noma ne ya kai ni Isra'ila, aka tura mu ƙauyen Sde Eliyahu a kwarin Bet She'an, dab da iyakar Jodan. Wurin yana ƙasa da matakin teku, zafinsa kuwa ko ɗan Sakkwato sai ya nemi inuwa.

Matasan Yahudawa masu riƙo da addini, yawancinsu 'yan gudun hijira daga Jamus ta Hitila, su suka kafa shi a 1939, zamanin mulkin Ingila. Da hasumiyar tsaro da katanga suka fara, domin a lokacin ana rikici da Larabawa kan filaye. Larabawan garin Baisan da ke kusa, yaƙin 1948 ya raba su da gidajensu. Sunan ƙauyen na Malam Eliyahu Gutmacher ne, malamin ƙarni na 19 da ya yi ta kiran Yahudawa su koma noma a ƙasar. Zaman gandu suke yi: gona ɗaya, ɗakin cin abinci ɗaya. Ran Juma'a da faɗuwar rana sai tarakta ta yi shiru har daren Asabar, domin Asabar ranar hutu ce a addininsu. Ni da ban sani ba na ajiye tambayoyina sai Asabar, na wuni ba wanda zai zaga da ni gona.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne akwatunan katako bisa dogayen sanduna a gefen gonaki. Na zaci na tattabaru ne. Da aka ɗaga murfin wani, sai ga 'ya'yan mujiya farare kamar auduga suna huci, ƙasan akwatin cike da ƙasusuwan ɓeraye. Tun 1983 suke wannan a madadin guba, bayan Mario Levi, ɗan ƙauyen, ya ja su zuwa noma ba feshi.

Da na dawo na kafa akwati biyu a bakin gonarmu ta shinkafa. Kawuna ya ce, "Kai yaro, tsuntsuwar mayu za ka gina wa ɗaki?" Sai da aka shekara guda kafin wata ta shiga. Kuskurena shi ne ban zauna da maƙwabta ba. Wani ya zuba maganin ɓera a gonarsa, mujiyar ta ci ɓeran da ya ci gubar, na tsinci gawarta a kan kunya. Bana sai da na bi gona huɗu da ke kewaye da mu, ɗaya bayan ɗaya, kafin na sake ɗaga akwatin.