Filin da babu C of O

Ranar Asabar ƙanina ya same ni a shago nan Wuse wai in ranta masa kuɗi zai sayi fili. Na ce ina, Kuje ko Lugbe? Ya ce a'a yaya, a cikin intanet ne, irin duniyar nan ta metabas, zai buɗe shago yana sayar da hula da babbar riga wa 'yan tsanan da mutane ke yawo da su a ciki. Na yi dariya har da ƙwalla, amma fa yaron ba wawa ba ne, ya iya zane a kwamfuta kuma akwai masu cin abinci da harkar.

Tambaya ɗaya na yi masa, in aka kulle maka akawun gobe wa za ka kai ƙara, a wace kotu? Mu 'yan Abuja mun san zafin rusau amma ko ba komai akwai fayil a AGIS, ofishin rajistar filayen Abuja, akwai babbar kotu a Maitama, kana iya ɗaukan lauya ku yi ta bugawa. Can kuwa dokar ita ce dogon rubutun nan da kowa ke danna ya yarda bai karanta ba, mai dandali shi ne minista shi ne alƙali. A 2006 kamfanin Linden Lab mai irin wannan duniyar ta intanet da ake kira Second Life ya rufe akawun ɗin wani Marc Bragg da filayensa duka, wai ya yi coge wajen gwanjo. Mutumin nan lauya ne fa, ɗan Amurka, a ƙasarsu, duk da haka sai da aka kai 2007 ana shari'a sannan suka sasanta. To ina ga ɗan Kubwa da ko biza ba shi da ita?

Sai ya nuna min hulunan a waya, na ga ɗaya ɗauke da tambarin wani babban kamfanin Turawa, wai ai ba hular gaske ba ce. Haka Mason Rothschild ya ɗauka da ya yi hotunan jakar Birkin yana sayarwa a matsayin NFT, wato shaidar mallakar kaya ta dijital, kamfanin Hermès mai jakar suka maka shi kotu a New York, a Fabrairun 2023 aka ce ya biya kusan dala 133,000.

Ga kuma fito da kuɗin, in da kirifto, wato kuɗin intanet, aka biya ka. CBN ta hana bankuna taɓa kirifto a Fabrairun 2021, sai Disamban 2023 ta sassauta, dokar kuɗi ta 2023 ta sa haraji kan ribar kadarar dijital, dokar zuba jari ta 2025 kuma ta miƙa sa ido ga SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari.

Kuɗin fili dai ban bayar ba. Na ce ya cire tambarin mutane, ya zana zanna bukar ɗinsa, ni zan biya masa rajistar kamfani a CAC. Ya tafi yana kumbura baki, da daddare sai ga saƙo wai wane suna ya fi dacewa da kamfanin.